Ramukan da Aka Yi wa Daɓen Inna

Har yau idan na ji mutum yana cika baki wai ya karanci ƙasa a makaranta, ƙafarsa nake fara duba. Yayana ne ya jawo mini wannan hali. Shi ne ɗan farin Innarmu, kuma shi ne mutum na farko a danginmu da ya ƙetare teku ya yi kwas a kan gina hanya. Ya dawo da takarda mai hatimi, da tabarau, da wani ɗan tari da yake yi kafin ya buɗe baki, don a san magana mai tsada na tafe. Ya kama aiki a wata ma'aikata a Kano daidai lokacin da kuɗin mai suka fara shigowa, aka bar fam aka koma naira, kowane ɗan boko ya fara tafiya kamar ƙasa ba ta isa ta ɗauke shi ba.

Inna kuwa mutuniyar wajen Roni ce, kuma kunyar ɗan fari a wurinta ba abin wasa ba ne. Ana yaye Yaya aka miƙa shi ga kakarmu a Gwiwa, can ya girma. Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Idan dole ta kama a ambace shi sai ta ce "wancan". Idan ya shigo gaishe ta, sai ta juya fuska ta amsa wa bango. Ba ta taɓa miƙa masa ko kofin ruwa da hannunta ba a gaban mutane. Ni ce ta huɗu a ɗakinta, ni babu wannan shamaki tsakanina da ita, don haka na zama bakinta a wurinsa, na zama bakinsa a wurinta. A shekarar da nake ba da labari ina da aure da 'ya'ya biyu, ina koyarwa a wata firamare a Kazaure, amma wannan aiki na kai saƙo bai bar ni ba.

Sana'ar Inna daɓe ce. Yaran yanzu sai an yi musu bayani. Kafin siminti, idan an gina ɗaki, mata ne ke yin ƙasansa. A zuba marmara, jar tsakuwar nan da ta cika duwatsunmu, a yayyafa ruwa, mata su durƙusa a jere su yi ta duka da madaɓi, wato guntun itace mai mariƙi da faffaɗan ciki, har ƙasa ta haɗe. Daga ƙarshe a shafe da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da aka jiƙa, ya bushe ya yi baƙi yana sheƙi. Kowace mace ta iya duka. Amma sanin yaushe za a daka, da me za a daka, da inda za a tsaya, wannan sai Inna. Daga ƙauyukan Roni har cikin garin Kazaure, in dai ana son daɓen da jika zai gada, ita ake aika wa goro.

Madaɓanta uku ne, duk na itacen ƙirya, sun yi sulɓi saboda hannu. Akwai siriri, akwai matsakaici, akwai mai faɗin tafin hannu biyu. Da siririn take sa a fara, domin a cewarta shi ne dukansa ke shiga ciki. Mai faɗin kuwa sama kawai yake lallashi, shi ya sa yake zuwa a ƙarshe. Ba ta yarda a zuba marmara da kauri a tashi ɗaya. Yatsa uku, a daka, a ƙara yatsa uku. Ta ce in ka zuba da yawa saman zai yi maka kyau, ƙasan yana nan sako-sako yana jiran ka. Ruwa ma da ma'auninsa: takan damƙi ƙasar a hannu, in ta dunƙule ba ta jiƙa tafi ba, to ta yi. In ruwa ya yi yawa, ka daka nan ta kumburo can.

Tun ina ƙarama take nuna mini sawu a hanyar kasuwa bayan ruwan sama. Ga na raƙumi ɗauke da buhuna, da ƙyar ya dannu. Ga na akuya, wadda yaro ma zai ɗaga, ya nutse har rabin yatsa.

"Ƙasa ba ta tambayar nauyinka kawai," in ji ta. "Tana tambayar a kan me ka ɗora shi."

Iyakar karatun ke nan, kuma ba ta je ko'ina ta yi kwas ba.

To, Yaya ya tashi gina gida a Kazaure, irin na zamani, na bulo da kwano da tagogin gilashi. Ana cikin aiki siminti ya ɓace a kasuwa. Kowa gini yake yi a shekarun nan, an ce jiragen ruwa na can sun yi cincirindo a bakin teku da kaya an rasa mai saukewa. An gama ɗakuna duka, saura falo, babban ɗakin baƙi da aka yi gidan dominsa. Ga shi kuma ya riga ya gayyaci ogansa da abokan aikinsa walimar shiga gida. Sai ya zo ya same ni, ya yi ɗan tarin nan nasa.

"Ki gaya wa Inna ko za ta tara matan nan nata su ɗan bubbuga mini falon. Na wucin gadi dai, kafin siminti ya samu."

Su ɗan bubbuga. Haka ya ce, kamar mai neman a kakkaɓe masa tabarma. Raina ya ɓaci, amma na ɗauki saƙon. A hanya na haɗiye "na wucin gadi", na haɗiye "bubbuga". Abin da na gaya wa Inna shi ne Yaya yana roƙon ta yi masa daɓen falonsa. Wannan laifina ne, kuma ban taɓa ɗora wa kowa shi ba.

Tana tsinke zogale lokacin. Ba ta ɗago ba, ta ce, "To." Amma na ga hannunta ya tsaya a cikin ƙwaryar. Shekara biyu ke nan rabonta da daɓe, kafaɗarta ta dama ta hana, ko tulu ba ta iya ɗagawa. Na san abin da ke ranta, don ni ma uwa ce. Shekara talatin da wani abu ba ta taɓa yi wa wannan ɗa wani abu da hannunta wanda duniya za ta gani ba. Ba ta goya shi ya girma ba, ba ta yi masa ɗinki ba, ba ta iya ce masa sannu. Yanzu ga abu guda da ta fi kowa iyawa, kuma shi da kansa ya nema. Duk abin da take so shi ne ya tsaya a kan daɓen nan ya san wadda ta yi shi.

Washegari da sassafe ta hau dutse da kanta zaɓen marmara. Rami uku ta ƙi kafin ta yarda da na huɗu. Jakuna suka yi ta jigila. Ta jiƙa makuba a manyan tukwane, ta aika wa tsoffin abokan aikinta, har da Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, mace mai jiki wadda in ta zauna a tabarma ba mai samun wuri. Kwana shida ana duka. Ni ma in na taso daga makaranta sai in ɗaura ɗamara in shiga layi. Inna tana gaba, madaɓi a hannun hagu tunda dama ta ƙi, tana bin kusurwa-kusurwa tana ƙwanƙwasawa tana saurare. Inda ta ji sautin bai yi mata ba sai a tone a sake. Da yamma ni ke gasa mata kafaɗa da ruwan zafi, tana cije leɓe.

Ranar da aka shafa makuba ta ƙarshe, wallahi ban taɓa ganin daɓe irinsa ba. Baƙi wuluk, sumul, hasken taga yana kwance a kansa. Matan suka tsaya a bakin ƙofa suna kallo. Inna ta jawo ƙofar ta rufe, ta kira ni gefe ta ba ni saƙo uku. A bar shi kwana bakwai a rufe, don samansa ne ya bushe, cikinsa da saura. Kada a shiga da takalmi. Sannan ta miƙo mini wani ƙunshi mai nauyi a tsohon zane. Na buɗe, sai ga faffaɗan duwatsu, kowanne kamar tafin hannu. Ashe tun ana aikin take tsinto su a rafi tana goge su a kan dutsen niƙa har suka kwanta daidai.

"Ki ce wa wancan, duk abin da ke da ƙafa, kujera ko tebur, a sa ɗaya a ƙarƙashin kowace ƙafarsa. Ko bayan ya bushe."

Na kai saƙo, wannan karon ban rage ko kalma ba. Yaya ya leƙa ƙunshin ya yi dariya har da cire tabarau.

"Duwatsu a falona? Oga ya shigo ya ga kujera a kan dutse kamar murhu?"

Daga nan ya shiga yi mini lacca. Shi ya ga injin da ke danne hanya, mai nauyin motoci goma. Shi ya san gwaje-gwajen da ake yi wa ƙasa a ɗakin bincike. Ƙasa in ta dannu ta dannu, in ba ta dannu ba ba ta dannu ba, sauran duk camfin mata ne. Kuma maganar kwana bakwai ba ta taso ba, domin oga zai yi tafiya, an matso da walima jibi. Ya ajiye ƙunshin a bayan ƙofar kicin. Ban gaya wa Inna ya yi dariya ba. Na ce mata dai an matso da rana. Ta ce, "Allah ya sa su cire takalmi."

Ranar walima tun hantsi aka shigo da kaya. Kujerun ƙarfe masu ƙafa kamar sandar rake siririya, tebur mai gilashi, da firji mai aiki da kananzir wanda ƙarti huɗu suka ɗauko suna nishi, shi ma a kan 'yan ƙafafu huɗu kamar na kaza. Ina tsaye ina kallo aka dire su a kan daɓen Inna, ba dutse ko ɗaya. Bayan la'asar motoci suka iso daga Kano. Mu mata muna tsakar gida wajen girki, Inna tana kan tukunyar tuwo, ni da Gwaggo muna kai abinci. Tagar falon a buɗe take, tana kallon inda muke.

Baƙin nan, in faɗi gaskiya, sun fi mai gidan hankali. Suna isa bakin ƙofa suka sunkuya za su cire takalma, yadda kowane ɗan mutunci yake yi. Yaya ne ya hana.

"Haba, ku shigo abinku. Ai ba masallaci ba ne."

Mazan dai takalmansu masu shimfiɗaɗɗen ƙasa ne, ba su yi ɓarna sosai ba. Amma uku daga cikinsu sun zo da matansu, kuma lokacin ake yayin takalmin nan mai tsinin dunduniya da muke kira ƙwas-ƙwas saboda ƙarar da yake yi a kan siminti. A falon Yaya bai yi ƙara ba. Shiru yake shiga. Akwai wata siririya a cikinsu, ba ta fi rabin Gwaggo ba, kyakkyawa da ita, ba ruwanta. Duk taku ɗaya sai ta bar rami kamar an soka ƙusa an zare. Daga ƙofa zuwa kujera ta jera su reras. A taku na ƙarshe tsinin ya maƙale, ta yi tangaɗi, ƙafarta ta fito takalmin ya tsaya a tsaye. Aka yi dariya, ita ma ta yi, don kunya.

Sai kuma kujerar oga. Mutum ne mai tumbi, kuma mai son jingina baya in yana ba da labari. Yana jingina, nauyinsa duka ya koma kan ƙafafun baya biyu, suka fara nutsewa a hankali. Ɗaya ta fi ɗaya shiga, kujerar ta karkace, lemon da ke hannunsa ya zube masa a babbar riga. A daidai lokacin Gwaggo ta ratsa tsakiyar falon ba takalmi, da katon tire na tuwo a kanta, ta ajiye ta juyo. Na dubi inda ta taka. Ko alamar sawu babu.

Yaya ya miƙe yana goge wa oga riga da hankicinsa. Sai ya yi ɗan tarin nan, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ku yi haƙuri, ranka ya daɗe. Aikin matan ƙauye ne, ba su san komai a kan ƙasa ba. Na wucin gadi ne, siminti na zuwa za a fasa shi."

Ina riƙe da kwanon miya a bakin ƙofa. Na juya na dubi tsakar gida ta taga. Muciyar Inna ta tsaya a cikin tukunya. Ba ta ɗago kai ba. Ta ɗan jima haka, sannan ta ci gaba da tuƙi da hannun hagu.

Washegari na same shi a falon shi kaɗai, yana tsaye hannu a ƙugu yana duban ramukan. Firjin ma ya karkata gefe guda. Ban gaishe shi ba, kuma wannan ne karo na farko a rayuwata.

"Kin gani ko?" in ji shi. "Mace kamar tsinke ta huda shi. Wannan shi ne aikin da ake ta yabo?"

Na ce, "Gwaggo ta ninka ta biyu, ga tire a kai. Nuna mini sawunta, Yaya."

Ya ce wannan daban.

Na ce, "To miƙo ƙafarka. Gwaggo ta taka ka da tafin ƙafarta, ko siririyar nan ta taka ka da tsininta. Zaɓi ɗaya."

Ya ce ba ni da kunya. Bai ce na yi ƙarya ba. A nan ne na gane abin da ya fi ba ni haushi har yau. Da jahilci ne da na yafe masa tuni. Ya sani sarai. Yana cikin littattafan da ya haye teku ya karanta, da lissafinsa da zanensa. Da wani Bature ne ya ba shi duwatsun nan a cikin kwali da rubutu a jiki, da ya jera su yana yi wa baƙi bayani. Amma a tsohon zane suka zo, daga hannun matar da ke amsa gaisuwarsa tana kallon bango, don haka suka zama camfi. Mutum ya tsaya a gaban baƙi ya sayar da uwarsa saboda lemo ya zuba a riga. Tir da wannan ilimi.

Duk da haka Inna ta sake aiko ni. Ta ce ramukan ba komai ba ne, a jiƙa wurin a cike a bi da siririn madaɓi, kwana biyu ya koma kamar ba a taɓa ba, in dai za a bar shi ya bushe. Na kai. Ya ce a bar shi kawai, an yi masa alkawarin siminti. Na dawo na faɗa mata yadda ya faɗa, don na gaji da haɗiye magana.

Simintin bai zo ba sai bayan wata huɗu. Kafin nan daɓen ya gama bushewa, da ramukansa da komai. Aka kawo leburori su fasa. Na je na gani da idona: diga tana sauka tana tsalle, har wuta take bayarwa. Aikin da aka ce na yini ɗaya ya ci kwana huɗu. Birkilan, wani dattijo, ya ce wa Yaya wannan ai ya fi simintin da za a zuba, a bar shi a yi a kansa. Yaya ya ce a fasa. Dattijon ya tambaya wa ya yi wannan aiki. Ina tsaye a wurin Yaya ya ce, "Wasu mata ne." Aka zuba siminti a kan ɓaraguzan da ba wanda ya tsaya ya danne su, damina ɗaya ya tsage daga ƙarƙashin firji har bakin ƙofa. Wannan bai sanyaya mini rai ba ko kaɗan, kuma Inna ba ta taɓa tambaya ba.

A cikin daminar ne ya zo gida gaishe ta, ranar wata Juma'a, bayan an kwana biyu ana ruwa. Itacen gidan duk ya jiƙe, na yi ta fama da murhu hayaƙi kawai yake yi. Inna ta ce in tashi. Ta shiga ɗaki ta fito da madaɓanta uku. Na ce, "Inna, me za ki yi?" Ta durƙusa gaban murhun. Ta sa siririn a wuta, ya kama nan da nan, shekara da shekaru yana bushewa. Ta bi da matsakaicin. Mai faɗin ta riƙe shi ɗan lokaci, ta shafa cikinsa da babban yatsa, sannan ta tura shi. Ƙirya ba ta hayaƙi, wutar ta yi kyau. A kanta ta tuƙa tuwon dawa, ta kaɗa miyar kuka, ta kwashe a kwanon da ake ajiye wa manyan baƙi, ta ce in kai wa wancan.

Ya ci ya cinye, ya wanke hannu. Da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofar ɗakinta ya ce mini, "Ki gaya wa Inna tuwon ya yi daɗi."

Tana zaune a ciki, taku uku tsakaninsu. Ta juya ta dubi bango ta ce, "To."

Har ta rasu bai tambayi inda madaɓan suka shiga ba, ni kuma wannan saƙon ba ta ba ni in kai ba.